Takardar da aka buga ranar da wa'adin tsohon kuɗi ya cika

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da abokan aikinka, ina neman ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan wata shawara da na karanta a shafinku na kimiyya da fasaha. Marubucin ya ce duk mai kwamfuta ya riƙa buɗe wa kowane aiki foldarsa, ya kuma raɗa wa kowane fayil suna mai ma'ana, in ya yi haka ba abin da zai ɓace masa. Allah ya saka masa da alheri, gaskiya ya faɗa. Amma daga jin maganar ka san shi kaɗai ke taɓa kwamfutarsa.

Ni shagon buga takardu nake da shi a nan Bauchi, ta wajen Bakin Kura, tun 2013. Muna buga yarjejeniyar cinikin fili da gona, takardar rantsuwa, wasiƙar neman aiki, katin ɗaurin aure, furojet ɗin ɗalibai, mu yi fotokwafi, mu yi sikanin. Yaran da suka zauna a kujerar kwamfutar nan sun haura ashirin, kowa da halinsa. Wani duk abin da ya buga sunansa "agreement", na biye "agreement new", na uku "agreement new new". Wani bai ma san ana sa suna ba, duk wanda Word ta ba shi shi ke nan. In layi ya yi tsawo, janareta na shan mai, mai takarda na tsaye a kanka yana cewa motar garinsu za ta tashi, wa ke da lokacin zaɓen suna? Na yi faɗa har na gaji. Daga baya na lura ko yaran sun bi dokar, da sauran rina a kaba, domin wanda ya dawo neman takardarsa da lokaci yake zuwa. "Ana saura kwana uku Sallah." "Makon da aka cire tallafin mai." "Da damina ne, ranar ma ruwa ya tsare ni a shagon nan." Haka mutanenmu ke riƙe abu, har haihuwar 'ya'yansu.

Kwanakin baya wani dattijo ya zo daga wajen Liman Katagum, ya jingina sandarsa a jikin firinta, ya ce, "Malam, takardar gonata nake nema. A nan aka buga ta." Gara ce ta shiga akwatinsa ta cinye wadda ke hannunsa, ga shi wanda ya sayar masa ya rasu, 'ya'yan sun fara maganar iyaka. Na ce, "Baba, wane suna ke jiki?" Ya faɗa. Sunan da rabin garin nan ke amsawa ne, kuma yarana suna rubuta shi iri huɗu: Muhammad, Mohammed, Moh'd, Muh'd. Na gwada neman sunan, kwamfuta ta zubo min takardu sun fi ƙarfin ido. Wadda ta fi amfani ma, wato wadda aka yi wa sikanin bayan shaidu sun sa hannu mai unguwa ya buga hatimi, hoto ce, babu harafin da bincike zai kama a cikinta.

Na ce, "To Baba, yaushe ne?"

Ya yi jim, ya ce, "Lokacin wahalar kuɗi. Ranar da aka ce wa'adin tsohon kuɗi ya cika. Ka manta ka ƙi karɓar 'yan ɗari biyar-biyar ɗina, sai ɗana ne ya tura maka ta waya? Daga nan muka wuce masallacin Juma'a."

Ni dai ban tuna ba, ko da yake ƙin karɓar ya yi kama da halina a wancan makon. Amma wa'adi biyu aka sa wa tsofaffin takardun naira a farkon 2023: na farko 31 ga Janairu, sannan Babban Banki ya ƙara kwana goma zuwa 10 ga Fabrairu. Na farkon Talata ce, na biyun Juma'a. Sai na buɗe folda mai suna 2023, na shiga 02, na shiga 10. Fayil goma sha ɗaya ne kacal a ciki. Na shida sunansa "Doc7", an ajiye shi ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin. A ƙasansa ga "scan0043", ƙarfe sha biyu da rabi, ga sa hannun shaidu uku, ga dangwalen babban yatsan Baba. Duka-duka ban ci minti biyu ba. Dattijon ya karɓi takardar da hannu biyu, ya daɗe yana kallon dangwalensa, sannan ya ce, "Ashe ƙarfen nan yana tuna baya."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, Edita, shi ne wannan folda ta 10 ga Fabrairu babu ita a ko'ina cikin kwamfutar. Ba wanda ya taɓa buɗe ta ya zuba mata fayil. "Doc7" yana can cikin foldar wani yaro da ya bar aiki ya koma sayar da waya a Wunti, hoton kuma yana kan wani faifan ajiya daban da muka ciro daga kwamfutar da ta ƙone. Ba su taɓa zama wuri ɗaya ba, rana ce kawai ta haɗa su.

Ni abin bai yi min wuyar fahimta ba, saboda da tafireta da takardar kabon na fara aiki, a wani ofis, farkon shekarun 1990. A rajista muna da kabad-kabad na fayil, kowane da lambarsa, muna kuma da littafin shiga da fita, inda ake rubuta duk wasiƙar da ta zo ko ta tafi rana-rana. In oga ya manta lambar fayil amma ya tuna makon, littafin nan ake buɗewa, shi zai nuna maka kabad. Littafin bai riƙe wasiƙa ko ɗaya ba, hanya kawai yake nunawa. To abin da ke kwamfutata littafin shiga da fita ne da aka yi masa kamannin folda. Na raɗa mata suna foldar madubi, tunda abin da ke wani wuri take haskowa.

Ɗan ƙanwata ne ya yi min ita. Kwamfuta ya karanta a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU), yana zaman jiran tafiya bautar ƙasa, ya ga ina fama da faifai huɗu a cikin leda, kowanne da aikin shekaru. Ya ɗauki wata tsohuwar kwamfuta da muka jingine don nauyi, ya sa mata Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ya tara komai a ciki. Da farko ya nuna min wadda ke zuwa a shirye: a wata manhajar duba fayil ta Linux mai suna Dolphin, in ka rubuta timeline:/ a wurin adireshi, za ta ba ka na yau, ta ba ka kalanda wata-wata, rana-rana. Ga mutum ɗaya wannan ta wadatar. Shi kuma yana son wadda kowace manhaja za ta gani, har kwamfutocin Windows biyu da muke aiki da su, waɗanda ya haɗa da ita da waya. Sai ya zauna kwana biyu ya rubuta tasa da yaren rubuta manhaja mai suna Python, a kan wani abu da ake kira FUSE.

Na ce ya yi min bayani da Hausa. Ya ce, "Kawu, duk sanda ka danna folda, tambaya ce ake yi wa zuciyar Linux: me ke cikin nan? A al'ada sai ta je faifai ta karanto. FUSE ƙofa ce da ke ba ta dama ta miƙa tambayar ga wata 'yar manhaja da kowa zai iya rubutawa. Tawa tana da jerin duk fayilolinka da ranar da aka yi wa kowanne gyaran ƙarshe. In an tambaye ta me ke cikin 2023, sai ta ce wata goma sha biyu. In an ce me ke cikin 10 ga Fabrairu, ta lissafo. In ka buɗe fayil, ta ruga inda yake na gaskiya ta ɗauko maka." Wato ɗan aike ne mai kaifin ƙwaƙwalwa. Ba a kwafi komai ba, don haka ba ta cin wuri sai ɗan jerin nan, wanda take sabuntawa kowace safiya in an kunna. Ya ce wani ɗan ƙasar Hangari, Miklos Szeredi, shi ya rubuta FUSE, aka shigar da ita cikin Linux a 2005, kuma da ita wayoyin Android na yanzu ke nuna maka ma'ajiyar hotunanka. Ita dabarar kanta ta girmi yaron: tun 1991 wasu masana a jami'ar MIT ta Amurka, ƙarƙashin David Gifford, suka kawo maganar foldar da ake ƙirƙira nan take daga tambaya, bayansu kuma David Gelernter da ɗalibinsa Eric Freeman a jami'ar Yale suka ce a jera wa mutum duk takardunsa bisa lokaci kawai. Na ce ashe Turawan ma sun gaji da raɗa suna.

Abu ɗaya na roƙe shi, ya kuma yi: ya kulle ta, ana iya buɗe fayil a karanta ko a kwafa, ba a iya gogewa. Dalili kuwa, yaro in ya ga takarda ɗaya a wuri biyu zai ɗauka kwafi ce, ya share ɗaya don ya sama wa kwamfuta wuri, alhali guda ɗaya ce tal. Wannan ya taɓa cin mu a jerin fayilolin da binciken Windows ya fitar, Allah ya taimaka ba a zubar da kwandon shara ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ranar da muka fara buɗe madubin, shekarun suka jeru, sai ga 1970, ga 1980, ga 2010. A 1980 ina aji uku a firamare. Na ce, "Kai, wannan abin naka ya sha wani abu ne?" Ya yi dariya ya ce ita abin da aka rubuta a jikin fayil take faɗa, ba ta ƙari ba ta ragi. Tsarin FAT, wanda filash da katin memori da yawa ke amfani da shi, daga 1 ga Janairun 1980 yake fara ƙirga, saboda haka na'urar da ba ta san kwanan wata ba sau da yawa can take jefa fayil. Linux da danginsa kuwa daƙiƙoƙi suke ƙirgawa daga tsakar daren 1 ga Janairun 1970 agogon GMT, in lambar ta zama sifili sai fayil ya faɗa can. Ya ce in duba lokacin. Duk na 1970 ɗin ƙarfe ɗaya na dare suka nuna, saboda agogon Najeriya yana gaban GMT da awa ɗaya. Waɗannan 'yan kaɗan ne, ba su dame ni ba.

Na 2010 ne ya sa ni zufa. Shekara uku kafin in buɗe shago, amma a rana ɗaya, 1 ga Janairu, fayil sun haura ɗari shida. Da muka bi diddigi, aikin daminar 2021 ne, kusan wata uku. A jikin bod ɗin kowace kwamfutar tebur akwai ɗan batir zagayayye kamar kwandala, lambarsa CR2032, shi ke riƙe agogo in an kashe wuta. Namu ya mutu ba mu sani ba. Duk sanda aka ɗauke wuta, kuma ka san sau nawa ake ɗaukewa, agogon sai ya koma ranar da aka saita masa tun daga kamfani. Kwamfutar ba ta kan intanet balle ta gyara kanta, yaron da ke kanta kuma bai taɓa kallon kusurwar allo ba. Batirin nan kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba, amma ya tattara min aikin wata uku ya zuba a rami ɗaya. Duk wanda ya zo neman takardar wancan lokacin, sai mun koma 'yar gidan jiya, buɗe wannan rufe wancan.

Akwai kuma ɓarnar hannu. Ranar gyaran ƙarshe sunanta ke nan, ta ƙarshe. In ka buɗe yarjejeniyar 2019 don ka sake buga wa mai ita, ka taɓa ko waƙafi ɗaya ka danna ajiye, ta tashi daga 2019 ta dawo yau, gurbinta ya zama wayam. Yanzu doka ce a shagona, tsohuwar takarda kwafinta ake taɓawa. Na tambayi ɗan ƙanwata me ya hana ya jera su da ranar da aka ƙirƙiri fayil, tunda ita ma kwamfuta na riƙe ta. Ya ce a Windows in ka kwafi fayil zuwa wani faifai, ranar ƙirƙira takan koma ranar kwafin, ta gyara ce ke bin sa duk inda ya je. Shi ya sa za ka ga fayil an gyara shi a 2017 amma wai an haife shi a 2022. Namu kuwa sun yi ƙaura sau huɗu. A Linux ma, ya ce, in ka kwafa da umarnin cp ba ka ƙara masa -p ba, ita kanta ranar gyaran sai ta koma ta yau. Mai gyaran kwamfuta ɗaya da bai san wannan ba ya isa ya mayar maka da aikin shekara goma rana ɗaya. Abin da aka turo ta WhatsApp kuwa ranar da ka sauke shi yake ɗauka, ko da an ɗauki hoton bara.

Fayilolin nan na 2010 muna mayar da su gurbinsu kaɗan-kaɗan, in kasuwa ta yi sanyi. Mu karanta kwanan watan da ke rubuce cikin takardar, shi kuma ya sa wa fayil ɗin da wani umarni da ake kira touch, layi ɗaya ne. Ranar da na ga sauƙin abin jikina ya yi sanyi, domin wanda zai iya mayar da ranar gaskiya zai iya sa ta ƙarya. Ba a yi wata ba wani mutum ya zo, suna shari'ar fili, yana son in buga masa hoton allo da ke nuna ranar da aka ajiye takardarsa, wai ya kai wa alƙali. Na ce, "Alhaji, wannan ranar don nema take, ni kaina na ga an canza ta a gabana. Je ka ga lauyanka." Mu da muke buga takardun kotu mun saba jin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ya gindaya sharuɗɗa kafin a karɓi abin da ya fito daga kwamfuta, ciki har da cewa tana aiki daidai a lokacin. Ni da na san tarihin batirina, wace rantsuwa zan yi? Shi ma Baban Liman Katagum abin da ya amfane shi hatimi ne da sa hannun shaidu, madubi kai mu wurinsu kawai ya yi.

Inda na fi jin daɗin abin shi ne da na gane tunda foldar ba ta gaske ba ce, ana iya yi mata ƙofa fiye da ɗaya. Rabin masu zuwa wurina, musamman dattawa da mata, ba sa cewa Maris ko Afrilu. Watan Azumi suke cewa, watan Cika-ciki, watan Mauludi, watan Azumin Tsofaffi, tsakanin Salloli. Da can sai na ɗauko tsohuwar kalanda ina ƙirge da yatsa, tunda watan Musulunci yana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Na faɗa wa yaron, ya ƙara 'yan layuka, sai ga folda ta biyu kusa da ta farko: 1444, a cikinta Ramadan, ka buɗe ka ga aikin 23 ga Maris zuwa 20 ga Afrilun 2023, wanda a ɗayar ƙofar ya rabu gida biyu. Fayilolin dai su ne, ba a motsa ko ɗaya ba. Lissafinta na kwamfuta ne, wani lokacin yakan saɓa da ganin watan da Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da kwana ɗaya, saboda haka in an ce jajibere nakan leƙa ranar gaba da ta baya. Ban taɓa ganin kamfanin da ya sayar da kwamfuta da foldar watan Cika-ciki ba, kuma ba na sa ran gani. In ba yaranmu suka yi ba, ba mai yi mana.

Kada mai karatu ya ce shi ba shi da ɗan ƙanwa. A Windows, akwatin bincike na saman taga yana karɓar kalmar datemodified: sai ka bi ta da rana, ko ranaku biyu da ɗigo biyu a tsakaninsu, ya kwaso maka duk abin da aka taɓa a tsakanin, ko a wace folda yake. A dai kula, kwamfutoci da yawa a nan saitin Amurka ke kansu, wata kafin rana, sai ka nemi 10 ga Fabrairu ta ba ka 2 ga Oktoba. Masu kwamfutar Apple suna da irin wannan folda mai cika kanta tun 2005.

Roƙona ga marubucin shafin naku, ya ƙara wannan a kan shawararsa. Makarantun koyon kwamfuta da suka cika Yelwa da Gwallameji suna kwashe makonni suna koya wa yara ƙawata rubutu, amma duk yaron da na ɗauka aiki sai na nuna masa yadda ake jera fayil bisa rana da hannuna. Masu gyara kuma, in an kawo musu tsohuwar kwamfuta 'yar kwatano, su riƙa canza batirin agogo ko ba a ce musu ba, su sa a lissafi, za mu biya.

Akwai wata baiwar Allah da ke zuwa tun makon jiya neman takardar rabon gado. Ita ce mai cewa ruwa ya tsare ta a shagon. Shekarar ta tuna, 2022, watan ne ya kwanta mata. Na tambayi yaron ko zai iya yi min ƙofar ruwan sama, ya ce, "Kawu, wannan sai na dawo daga bautar ƙasa." Mun gama duba Yuli, gobe in Allah ya kai mu za mu shiga Agusta.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Mai shagon buga takardu,
Bakin Kura, Bauchi.